Na haddace samfuran takardu, amma hannuna ya ƙi rubuta su a ɗakin jarrabawa

Assalamu alaikum, Barista. Ni mace ce mai shekara 27, ina da aure da yaro guda da ban yaye ba. Na gama digirin shari'a, na yi Makarantar Horas da Lauyoyi a reshen Bagauda, na zauna jarrabawar ƙarshe amma ban yi nasara ba. Na san inda matsalar take. Tambayoyin da ake neman bayanin doka ba sa ba ni wahala, amma duk inda aka ce a tsara takarda, ko ta cinikin fili, ko takardar rantsuwa, ko tuhuma, sai kaina ya ɗaure. Na haddace samfura sun fi 40, ina iya karanto su da ka, amma da na zauna sai na rasa wanda ya dace da labarin da aka bayar, na yi ta sokewa ina sakewa har lokaci ya ƙare ban taɓa tambaya ta ƙarshe ba. Turancina ma yana ba ni tsoro, domin da Hausa nake tunani. Saura kamar wata uku in sake zama. A gida kowa Barista yake kirana, har maƙwabta suna kawo mini takardun filayensu, ni kuwa kunya ta hana ni faɗa wa wasunsu gaskiya. Ta ina zan fara?
Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya kuma sa wannan zaman da za ki yi shi ne na ƙarshe.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmar da kika zaɓa da kanki, wato hadda. Kin san yadda abin yake a tsangaya: ɗalibi yana iya kawo tilawar izu sittin da ka ba tare da tuntuɓe ba, amma malamai ba sa sakankancewa da haddarsa sai ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta, domin rubutu ne yake tona ramukan da baki ke tsallakewa da gudu. Ke tilawa kika yi, jarrabawar kuwa rubutu take nema. Sai dai misalin a nan ya tsaya, domin nassin da alaramma yake rubutawa ba ya canzawa har abada, ita kuwa takardar lauya ɗinkin tela ce, kullum sai an auna jikin mai ita kafin a sa almakashi. Samfuran nan 40 da ke kanki riguna ne da aka ɗinka wa wasu mutane, shi ya sa da aka kawo miki sabon mutum kika yi ta gwada masa su ɗaya bayan ɗaya har awannin suka tafi.

Yana da kyau ki tuna dalilin da ya sa aka kafa makarantar tun farko. Dokar Ilimin Shari'a ta 1962 ce ta samar da ita, aka buɗe ta a Janairun 1963 a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai takwas kacal, kuma manufarta ita ce a koya wa wanda ya riga ya karanta doka yadda ake aiki da ita. Jami'a ta koya miki mene ne kwangila, makarantar lauyoyi kuwa tana so ta ga ko za ki iya rubuta kwangilar da mutum zai sa wa hannu ya kwana da kwanciyar hankali. Saboda haka tsara takardu yana cikin dukkan darussan nan biyar, na shari'ar farar hula da na laifuka da na dukiya da na kamfanoni da na ɗa'ar aikin lauya, kuma babu wanda za ki kauce masa ki ce za ki rama makin a wani wuri. Mai duba takardarki yana riƙe da jadawalin maki wanda ya rarraba su a kan sassan takardar: sunan kotu yana da nasa, sunayen masu shari'a da matsayinsu suna da nasu, haka kwanan wata da sa hannu da adireshin da za a kai sammaci. Wannan labari ne mai daɗi a gare ki, domin yana nufin ko da tsakiyar takardar ta yi rauni, ƙashinta kaɗai yana ɗauke da maki masu yawa.

Abu na farko da nake so ki canza shi ne mintuna biyar na farkon kowace tambaya. Kada alƙalaminki ya fara tsara komai sai kin amsa wa kanki, a gefen takarda, a wace jiha abin ya faru, wa kike wakilta, kuma wace takarda ce takamaimai aka ce ki rubuta. Na sa jiha a gaba ne saboda a Nijeriya wuri shi ne yake zaɓar doka, kuma masu tsara tambaya sun san ɗalibin da ya yi hadda ba ya duba wannan. Idan filin yana Kano ko Kaduna ko Enugu, Dokar Mayar da Mallaka ta Ingila ta 1881 ce madogararki. Idan yana Ibadan ko Abeokuta ko Benin, dokar dukiya ta tsohuwar Jihar Yamma ta 1959 ce. Legas kuma tana da nata dokokin na jingina da na rajistar filaye. Hanyar da ake ƙulla jinginar gida ta bambanta tsakanin waɗannan yankuna, don haka samfurin da yake daidai a Ibadan yana iya zama kuskure tun daga layin farko idan gidan yana Zariya. A ɓangaren laifuka ma haka ne. Kisan kai mai hukuncin kisa yana sashe na 221 na kundin Final Kod da aka san Arewa da shi, a Kudu kuwa sashe na 319 na kundin Kiriminal Kod ne yake hukunta shi, sannan Legas ta yi nata kundin a 2011, Kaduna ta yi nata a 2017, kowanne da lambobinsa. Wanda ya rubuta tuhuma da kyakkyawan Turanci amma ya kafa ta a kan dokar wata jiha daban ya gina ɗaki mai kyau a filin da ba nasa ba.

Abu na biyu, wanda shi ne ainihin maganin ciwonki, shi ne ki daina riƙe takarda a matsayin jerin kalmomi, ki fara riƙe ta a matsayin jerin ayyuka. Ɗauki takardar sayar da fili, wadda nake zaton ita ce ta fi wahalar da ke. Kowane sashe nata amsa ce ga tambayar da wani zai iya yi bayan shekara ashirin, lokacin da mai sayarwa da mai saye duk sun rasu, 'ya'yansu suna gaban alƙali. Su wane ne suka yi cinikin, kuma a ina suke zaune? Wannan shi ne sashen masu yarjejeniya. Ta yaya mai sayarwa ya samu filin tun asali, kuma me ya sa ake rubuta wannan takarda? Wannan shi ne sashen tarihin mallaka. Nawa aka biya, kuma mai sayarwa ya amsa cewa kuɗin sun shiga hannunsa? A nan ne testatum yake, wato sashen da ke zartar da cinikin, da adadin kuɗi da furucin amsar kuɗi. A wane matsayi ya sayar? Nan ne kalmomin nan uku na Turanci, "as beneficial owner", suke shigowa, masu nuna cewa shi ne mai cikakken amfanin dukiyar, kuma ba ado ba ne, domin sanya su kaɗai yana jawo alkawuran da doka ta tanada game da ingancin mallaka ko da ba a rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. Wane fili ne, ina iyakokinsa, wace taswira ce ta nuna shi? Tsawon wane lokaci mai saye zai riƙe shi? Wannan shi ne habendum, kuma tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da ake sayarwa shi ne ragowar wa'adin da ke cikin takardar shaidar mallaka. Wannan dokar ce kuma, a sashe na 22, ta wajabta neman amincewar gwamna, kuma tun shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna illar yin sakaci da hakan, shi ya sa ake barin gurbin amincewar a ƙarshen takarda. Idan kika riƙe waɗannan tambayoyi a jere, ba za ki sake rasa abin da ke biye ba, domin hankali ne zai ja ki daga wannan zuwa wancan, kuma ko kalmar samfurin ta ɓace miki za ki iya faɗin abin da kalmominki.

Sashen sa hannu ya cancanci zama na musamman, domin a nan ake ɓoye tarko mafi yawa. Tambaya za ta ambata a wucewa cewa mai sayarwa dattijo ne da ba ya karanta Turanci, ko makaho ne, ko kamfani ne, ko kuma yana ƙasar waje ya ba wani wakilci a rubuce, kuma kowanne yana da nasa salon sa hannu. Batun wanda ba ya karanta Turanci ya shafe mu ƙwarai a nan Arewa. Mutum yana iya zama malami mai karanta Larabci da ajami, amma idan da Turanci aka rubuta takardar kuma ba ya karanta shi, dole ne a sa jurat, wato bayanin cewa an karanta masa abin da ke ciki, an fassara masa da Hausa, wane ne ya fassara, kuma ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala yatsa ko ya sa hannu. Kamfani kuwa, tun da aka yi dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, hatimi ya zama zaɓi a gare shi, kuma yana iya zartar da takarda ta hannun darakta da sakatare, ko daraktoci biyu, ko darakta ɗaya a gaban shaida. Ki zauna rana guda ki rubuta waɗannan sassa kawai, kowanne sau uku, ba tare da sauran takardar ba.

Game da takardar rantsuwa, bari in ba ki labarin kaina. A shekarata ta farko a aiki na rubuta wata mai sakin layi fiye da 20 don goyon bayan wata buƙata da muka shigar, ina alfahari da ita saboda na cika ta da hujjoji. Lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya nemi a soke kusan rabinta, alƙali kuma ya amince, ni ina zaune a bayan maigidana ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Laifina shi ne na manta da sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ce abin da ke cikin takardar rantsuwa bayanin abin da ya faru ne kawai, ban da ƙorafi, ban da roƙo, ban da muhawarar doka ko yanke hukunci. Idan mai rantsuwa ya ce wanda ake ƙara ya karɓi kuɗi ranar kaza kuma bai kawo kaya ba, ya faɗi abin da ya faru. Idan ya ce wanda ake ƙara ya karya kwangila don haka ya kamata kotu ta hukunta shi, ya shiga aikin lauya da na alƙali. Sashen ya kuma ce idan labarin ji ya yi daga wani, sai ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, da lokaci da wuri da yanayin da aka gaya masa, ya kuma ce ya gaskata. Gwajin da nake yi har yau mai sauƙi ne: ina karanta kowane sakin layi in tambayi kaina ko mutumin nan zai iya faɗin wannan magana da bakinsa a akwatin shaida. In ba zai iya ba, wurinta yana cikin rubutaccen jawabin lauya da ke rakiyar buƙatar.

Akwai kuma ƙaramin abu da ya kashe manyan shari'o'i, wato wanda ya sa hannu a takardar kotu. A shari'ar Okafor da Nweke a 2007, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauya mutum wanda sunansa ke cikin rajista ba, ba ta da inganci, kuma kotun ta sake jaddada hakan daga baya a shari'ar Bankin First da Maiwada. Don haka a ƙarshen kowace takardar kotu da kika tsara, sunan mutum ne zai zo a ƙarƙashin layin sa hannu, sannan matsayinsa na lauyan wane ɓangare, sannan sunan ofis da adireshi. Ki yi amfani da sunan lauyan da aka ba ki a cikin tambayar, idan kuma ba a bayar ba ki ƙirƙiro wani, amma kada ki rubuta sunanki na gaskiya a takardar amsa.

Tuhuma tana da ƙa'idoji huɗu da kin riga kin sani: kada ta zama mai harshen damo, kada a cusa laifi biyu a cikin tuhuma ɗaya, kada a haɗa laifukan da ba su da alaƙa, kada kuma a haɗa mutanen da ba su yi tarayya ba. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne wajen aiki da su a kan labari mai mutum huɗu da laifi biyar a ranaku uku. Dabarar ita ce ki zana ɗan jadawali kafin ki fara, sunayen mutane a gefe, laifuka a sama, ki sa alama a inda kowa ya shiga, ki cire wanda ya mutu ko wanda aka ce shaida ne, sannan ki ƙirga tuhumomin da za su fito. Bayan haka sai ki duba kotun, domin siffar takardar ta dogara da ita. A tsohon tsarin CPC na Arewa, wato kundin hanyoyin shari'ar laifuka, shari'a a kotun majistare tana farawa da rahoton farko na 'yan sanda, kuma majistare ne da kansa yake tsara tuhuma ya sa mata hannu, alhali a babbar kotun Legas kowace tuhuma kashi biyu take, bayanin laifi da sashen doka a sama, cikakken bayanin yadda aka aikata a ƙasa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, wato ACJA ta 2015, da dokokin da jihohi suka yi a kan tsarinta, irin ta Kano ta 2019, sun canza abubuwa da dama, saboda haka ki bi abin da aka koyar a zangon da ake ciki. Kuma kullum sashen da ya tanadi hukunci ake kafa tuhuma a kai: a Final Kod sashe na 286 ne ya fassara sata, amma na 287 ne ya hukunta ta.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da nake yi wa duk mai sake zama. Littattafan bita da ake gada daga hannu zuwa hannu suna da amfani, amma da yawansu sun tsufa ba tare da masu su sun sani ba. Wanda aka rubuta kafin 2020 zai ce miki kamfani mai zaman kansa sai da mutum biyu, alhali yanzu mutum ɗaya yana iya kafa shi, kuma lambobin sassan CAMA duk sun motsa. Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007 an maye gurbinsu da na 2023. Kafin ki dogara da kowane samfuri, ki buɗe ainihin dokar ki tabbatar da sashen da ya ambata, kuma ki nemi wata ɗaliba da take makarantar a yanzu ki kwatanta bayananki da nata. Takardun kamfani ba su da wuya idan aka riƙe lambobinsu: sanarwar babban taro kwana 21 ce, ƙuduri na musamman yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, kuma sanarwar dole ta faɗi wuri da rana da lokaci da abin da za a tattauna, ta kuma tuna wa mai hannun jari cewa yana da damar tura wakili.

Wasiyya ma takan fito, kuma ina so ki kula da ita saboda abin da kika taso da shi a gida yana iya shiga tsakaninki da amsar. Mu mun san wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Amma a ƙarƙashin Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837, abin da ake dubawa shi ne a rubuce take, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, kuma shaidan da aka yi wa kyauta a ciki ya rasa kyautar. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971 Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya yi wasiyya a ƙarƙashin waccan doka yana iya raba dukiyarsa yadda ya so, daga baya kuma wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin da suka kiyaye hukuncin Musulunci ga wanda yake ƙarƙashinsa. Kin ga mun sake dawowa kan tambayar farko, wato a wace jiha muke.

Yanzu ga yadda zan so watannin nan uku su kasance. Kowace rana, takarda ɗaya aƙalla, da hannu, da biro irin wanda za ki shiga da shi, littafi a rufe, agogo a gabanki. Ki ɗauko labarin daga tambayoyin shekarun baya, kada ki ƙirƙiro da kanki, domin wanda kika ƙirƙiro ba zai ɗana miki tarko ba. Idan kin gama sai ki buɗe samfuri da doka, ki ɗauki jan biro ki yi wa kanki gyara ba sani ba sabo, sannan ki rubuta kowane kuskure a wani ƙaramin littafi da kika ware domin haka. Bayan mako biyu za ki lura kurakuranki ba su da yawa, guda shida ne ko bakwai suke ta dawowa da sabuwar riga: kin manta adireshin kai sammaci, kin bar matsayin masu shari'a, kin sa ranar fara haya amma ba ki faɗi tsawonta ba. Wannan ƙaramin littafi shi za ki karanta a daren jarrabawa. A makonni huɗu na farko kada ki damu da sauri, ki damu da cikar sassa. A na tsakiya ki fara rage lokaci har buƙata da takardar rantsuwarta su fito cikin minti 20. A na ƙarshe ki riƙa zama cikakkiyar jarrabawa sau biyu a mako, daga farko har ƙarshe ba tashi, domin hannu ma yana gajiya kuma yana buƙatar horo kamar ƙafar mai tafiyar nisa. Idan kina da abokiyar karatu, ku riƙa musayar takardu kuna yi wa juna maki, domin ido ba ya ganin kuskuren hannun da ya saba da shi. Idan kuma akwai lauya a danginku ko unguwarku, ki roƙe shi ya bar ki ki karanta tsofaffin fayiloli a ofishinsa rana ɗaya a mako, ki ga yadda takardun suke idan sun fito daga littafi sun shiga rayuwar mutane.

Batun lokaci a ɗakin jarrabawa lissafi ne kawai, kuma a gida ake yinsa. Idan awa uku aka bayar kuma tambaya huɗu ake so, kowace tana da minti 45, sai ki ɗan ƙara wa mai maki da yawa ki rage wa mai kaɗan, ki rubuta lokacin tashi daga kowace tambaya a saman takardar tambayoyi. Idan lokacin ya yi, ki bar fili ki wuce, ko da zuciyarki tana ce miki saura kaɗan. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba a kan makin ƙarshe na wadda kike kai, kuma tambayar da kika bari ba ki taɓa ba a zaman da ya wuce wataƙila ita ce tazarar da ke tsakaninki da nasara. Idan kika ga lokaci yana ƙurewa a tsakiyar takarda, ki rubuta kanta da ƙarshenta cikakku, wato sunan kotu da masu shari'a da take, sannan kwanan wata da sa hannu da adireshi, ki taƙaita tsakiyar. Kuma ki karanta umarnin da kyau: idan sashen sa hannu kawai aka ce ki tsara, rubuta dukan takardar ɓarnar minti 15 ce da babu wanda zai biya ki.

Tsoron Turanci kuwa ina ganin kin ba shi girman da bai kai ba. Tsara takarda ba gasar balaga ba ce, gajeren zance mai ma'ana ɗaya ake so, kuma na ga waɗanda Turanci ya zauna a bakinsu sun faɗi saboda sun yi ta ado har ma'ana ta rabu biyu. Abin da ake buƙata shi ne ki san bambancin kalmar wajabci da kalmar zaɓi, ki kira abu da suna ɗaya daga farko har ƙarshe, kada wanda kika kira mai haya a sama ya koma mazauni a ƙasa, kuma ki sa kowane batu a sakin layinsa mai lamba. Tunani da Hausa ma makami ne. Kafin ki rubuta takarda, ki gwada bayyana wa mahaifiyarki ko maigidanki da Hausa abin da takardar take yi da wanda take karewa. Idan kin iya, Turancin zai biyo baya. Idan kin kasa, to ba harshe ne matsalar ba, fahimtar ce ba ta zauna ba tukuna. Wasiƙar da ake cewa a rubuta wa wanda ake wakilta ma haka take, ana so a ga kin sauko da doka zuwa inda ɗan kasuwa zai gane ya san matakin da zai ɗauka.

Saura maganar gida. Sunan Barista da ake kiranki da shi ƙauna ce da fata, kada ki mai da shi kaya a kanki. Amma takardun filayen maƙwabta ki mayar musu da su cikin ladabi, ki haɗa su da lauyan da aka riga aka rantsar, domin sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya haramta wa wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya ko ya tsara takardar fili don a biya shi, kuma bai kamata ki jefa kanki cikin abin da zai zama tambaya a kan halinki ranar da Majalisar Manyan Lauyoyi za ta duba cancantarki ba. Ba dole ne kowa ya san sakamakonki ba, cewa ba a rantsar da ke ba tukuna ya isa amsa. Wanda ya wajaba ya san komai shi ne maigidanki, da kuma duk wadda za ta riƙe miki yaro. Ki zauna da su ki faɗi abin da kike nema a fili, awa biyu bayan sallar Asuba da awa biyu bayan Isha, da yini biyu a mako a watan ƙarshe, na tsawon wata uku kacal. Mutane sun fi iya taimako idan an gaya musu adadinsa da ranar ƙarewarsa.

Gobe bayan Asuba ki fara da mafi sauƙi don hannu ya saki: takardar sanarwar tashi ga mai hayar shekara a Abuja, wanda doka ta ba shi rabin shekara, sannan sanarwar kwana bakwai ta niyyar mai gida ta zuwa kotu karɓar gidansa. Ki ba kanki minti 15, littafi a rufe. Idan kin yi mako biyu a haka, ki rubuto mini kurakurai ukun da suka fi yawa a ƙaramin littafinki, mu duba su tare.